Wa Ke Tantance Mai Gadin Ƙofarka?

Tun 1986 Najeriya ke da dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu. Dokar ta ce sai kamfani ya yi rajista, ya kasance mallakin 'yan ƙasa, sannan ya samu lasisi daga Ministan Harkokin Cikin Gida kafin ya tura ko mutum ɗaya bakin ƙofa. Ta kuma hana masu gadinsa riƙe bindiga. Hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kansu.

Abin da ke damuna shi ne mai gadin kansa. Mutum ne da muke damƙa wa makullin shago, ƙofar makarantar yaranmu da barcinmu. Sau da yawa kuwa ana ɗinka masa kaki ne kawai, ba horo, ba binciken halinsa, albashin ma bai kai mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 ba. Wanda ke gadi da yunwa, ta yaya zai tsaya tsayin daka?

Don Allah, kafin ka ɗauki kamfanin gadi, nemi ganin lasisinsa, ka tambayi nawa yake biyan ma'aikatansa.