Ƙugiyar Haruffan Hausa a Kwamfuta: Mas'alar Masu Buga Takardu a Ƙasar Gobir

 



Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta ƙarama ce a ido, domin ba ta wuce 'yar lanƙwasar nan da ake yi wa haruffa uku ba, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma na huɗunsu, wanda mu a Nijeriya muke rubuta shi 'y, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa su rubuta shi ƴ. Amma duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malamin allo ya san ba a raina ɗigo, tun da yake a rubutun Warshu da muka tashi da shi babu abin da ya raba fa da ƙaf sai mazaunin ɗigo guda, na wannan a ƙasa, na wancan a sama. Malaman hadisi ma, saboda tsoron irin wannan tuntuɓe, har suna suka yi masa, suka ce da shi tas'hifi. To, matsayin da ɗigo yake da shi a can, shi ne ƙugiya take da shi a boko. Wanda ya yi nufin ya ce hakimi ya tafi fada, idan hannunsa ya goce, sai ya aika da shi faɗa.

Abin da ya fara jawo hankalina kuwa wani abin kunya ne da ya same ni da kaina. An wakilta ni buga katin auren wata ɗiyar ƙanena a Bafarawa, na zauna da wani yaro mai shagon buga takardu a Isa muka tsara komai daidai, na karanta a fuskar kwamfutarsa har sau biyu, sa'an nan aka zuba mini a filash na kai Sakkwato inda za a buga da yawa. Da katunan suka iso, sai ga shi an gayyaci jama'a zuwa "]aurin aure" da misalin "}arfe" biyu na rana. Wani dattijo ya jujjuya katin, ya ce mini, "Malam, wannan kuma yaren wace ƙasa ne?" Na ɗora wa yaron laifi, shi kuma ya rantse bai taɓa komai ba, daga baya na gane gaskiyarsa, na koma na ba shi haƙuri.

Asalin abin yana da tarihi. Haruffan nan masu ƙugiya sun samu gindin zama a shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East yake shugabantar aikin talifi a Zariya, kuma littattafan da aka buga a can, tare da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, su suka sa idon jama'a ya saba da su. Maɗaba'a tana da su, amma keken rubutun akawu, wanda aka ƙera don Ingilishi, ba shi da su, sai akawu ya gama bugawa ya bi da alƙalami yana rataya ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Da kwamfuta ta zo aka sake komawa gidan jiya, har a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙago zubin haruffa, abin da masu sana'ar ke kira font, waɗanda aka sani da suna Rabi'at da Abdalla. Allah ya saka masa da alheri, domin ya fitar da marubuta da ɗalibai daga ƙangi a lokacin da babu wata mafita. Sai dai hikimar zubin wancan zamani aro ce: a ɗauki wasu madannai da Bahaushe bai cika buƙata ba, a canja musu kama, ta yadda } zai fito a siffar ƙ, ] a siffar ɗ, ~ a siffar ɓ. Waɗansu ma'aikatan jarida kuma suka ari q da x da v, shi ya sa har yau kuke cin karo da "qasa" da "xaya" da "vangare" a rubuce-rubucen intanet.

A nan ne nake roƙon a ba ni aron hankali, domin a nan duk illar take. Kwamfuta, a haƙiƙanin al'amari, ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Idan ka danna madanni, tsarin allon madannai shi ke faɗa mata lambar da za ta ajiye, zubin haruffa kuma shi ke ba lambar nan surar da ido zai gani. Abu uku ke nan, madanni da lamba da sura, kuma galibin rikicin da muke fama da shi daga cakuɗa su yake tasowa. Tsohon zubi sura kaɗai ya sauya, ya bar lamba yadda take, kamar a sa wa bawa alkyabba a ce da shi sarki, wanda sarautarsa ba za ta wuce zauren da aka san da maganar ba. Katina ya lalace ne saboda kwamfutar Sakkwato ba ta da zubin da ke cikin ta Isa, sai ta tuɓe alkyabbar ta nuna abin da ke ƙarƙashi. Illar ba ta tsaya ga kati ba: takardar da aka ajiye ta wannan hanya, ko da an nemi kalmar "ƙasa" a cikinta ba za a same ta ba, ba kuma za a iya jera sunayen ɗalibai bisa tsarin abacada su zauna daidai ba.

Maganin wannan ya daɗe da samuwa, rashin sani ne ya hana mu shansa. Tun farkon shekarun 1990 aka kafa ƙa'idar Unicode, wadda ta ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa: ƙ tana da 0199, ɗ tana da 0257, ɓ tana da 0253, manyansu kuma 0198 da 018A da 0181. Mai aiki da Word, idan ya rubuta lambar ya haɗa Alt da X, nan take harafin zai bayyana; sai dai in harafin da ya gabata yana tsakanin a da f, kamar a kalmar "baƙo", manhajar takan ɗauke shi cikin lambar ta rikice, don haka a fara sa U+ kafin lambar. Wannan hanyar gaggawa ce, ba a rubuta littafi da ita. Wadda ta fi ita ce a shiga wurin zaɓen harshe a ƙara allon madannai na Hausa, wanda yake cikin Windows tun daga Windows 7; da shi, riƙe Alt na hannun dama tare da b ko d ko k ko y ya wadatar. Akwai wani tarko a nan da ya sa mutane da yawa suka yi fushi suka bari: Windows tana ɗaukar Alt na dama daidai da Ctrl da Alt a haɗe, alhali kuwa Word ta riga ta ba waɗansu irin waɗannan haɗe-haɗe wani aiki, har mutum ya nemi ɗ ya ga an buɗe masa wurin hashiya a ƙarshen takarda. Sai a shiga inda ake gyara gajerun hanyoyin madannai a cire wancan aiki, shi ke nan. Wanda tsarin bai yi masa ba, yana iya shirya nasa da Microsoft Keyboard Layout Creator ko da Keyman, dukansu kyauta ne.

Idan an rubuta daidai amma harafin ya fito ɗan akwati, zubin ne ba shi da surar, sai a koma ga irin su Charis SIL ko Andika. Idan kuwa alamar tambaya ce ta fito a madadinsa, to an ajiye fayil ɗin ta tsohuwar hanya maimakon UTF-8, ko kuma manhajar ce ta tsufa, kamar PageMaker da har yanzu wasu masu ɗab'i ba su rabu da ita ba, wadda ba ta san Unicode ba sam. Abin da za a kai wani gari a buga, a mai da shi PDF tukuna. Da na san haka, da ban sha tambayar dattijon nan ba.

Mu kuwa mutanen wannan yanki na Gobir muna da wani ƙarin nauyi da na Kano ba su da shi. Tun bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da abin da ya biyo baya, gidan Gobir ya kasu, wani sashe a Tsibiri kusa da Maraɗi, wani a Sabon Birni, kuma har gobe aure da ciniki da zumunci ba su san da iyaka ba. Kwamfutar da ta shigo ta Nijar sau da yawa allonta na Faransanci ne, inda A take a mazaunin Q, Z a mazaunin W. Idan aka ɗora mata tsarin Ingilishi, abin da ke rubuce a kan madanni daban, abin da ke fita daban, har mai ita ya zaci aljanu ne ko lalacewa. Ga kuma saɓanin 'y da ƴ, wanda Nijar ta tabbatar da nata a dokar rubutun Hausa ta 1999. Ni a ganina bai kamata mu tsaya jayayya a kan wanda ya fi ba. Allon da za mu shirya ya ɗauki duka biyun, kowa ya rubuta wa mai karatunsa. Abin dariya ma, Bagobiri da bakinsa ɗiya yake cewa, ba 'ya ba, don haka buƙatarsa ga ɗ ta fi ta kowa. Yanzu kuma da Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, takardun Hausa da za su riƙa tsallako iyaka sai abin da ya ƙaru.

Sauran magana ita ce tsofaffin takardu, kuma ina gargaɗi a kansu. Ana iya juya su ta hanyar nema da musanyawa, amma a fara kwafar fayil a ajiye gefe, a kuma umarci manhajar ta bambanta babban harafi da ƙarami. Wanda ya ce a mai da kowace x ta zama ɗ ba tare da dubawa ba, zai tarar ya ɓata lambobin Rumawa da sunayen baƙi da ke ciki.

Kada kuma mu dogara ga intanet wajen samun waɗannan kayan aiki. Duk muna nan a watan Satumba na 2021 lokacin da aka rufe layukan waya a Isa da Sabon Birni da wasu ƙananan hukumomin jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, mun kuwa ga yadda aiki ya tsaya. Zubin haruffa da fayil ɗin allon madannai ba su da nauyi, filash guda ya ɗauke su har da saura. Ina roƙon sakatarorin ƙananan hukumomi biyun nan, da shugabannin makarantu, da masu shagunan buga takardu, kowa ya mallaki nasa kwafi, a kuma daina karɓar sabon aiki da tsohon zubi daga wannan zangon karatu. Wanda ya zo da filash ko da kwamfutarsa, ya same ni a bakin zauren nan bayan sallar la'asar, in sha Allahu zan zuba masa, mu gwada tare kafin ya tafi.