Ido Ba Mudu Ba Ne: Abin da Aikin Manhaja Ya Koya Mini



 Kwamitin ilimi ne ya ce in yi magana a kan sana'ata. Ni injiniyan manhaja ne, wato ina cikin masu rubuta umarnin da kwamfuta da wayar hannu ke bi, kuma shekarata 14 ina wannan aiki a nan Ingila.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A kasuwar hatsi haka yake. A wajenmu kuwa ido yakan yaudari mai shi, domin hajarmu ba a ganinta, ba a ɗaga ta a ji nauyi. Shi ya sa aka samu fanni guda na masu bincike waɗanda aikinsu su auna yadda ake gina manhaja, su raba abin da muke zato da abin da ke faruwa.

Bari in fara da laifina. Da aka ba ni shugabancin mutum bakwai a wani kamfani, sai na ɗauki ma'auni ɗaya: ayyuka nawa kowa ya kammala a mako. Wani yaro mai shiru-shiru kullum shi ne na ƙarshe, har na fara rubuta rahoto a kansa. Allah ya sa na duba inda koke-koken masu amfani da manhajar ke fitowa. Ashe duk abin da yaron nan ya taɓa ba ya dawowa gyara. Wanda ke kan gaba kuwa, aiki ɗaya yake tsagawa gida uku, sannan ya gyara ɓarnar da shi ya yi, ni kuma ina ƙirga masa. Saura ƙiris in ci haƙƙin bawan Allah, da alƙaluma a hannuna. Daga baya na san cewa masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya ja kunne a kan irin wannan tun 1975: da zarar mutane sun gane da me ake auna su, sai su koma yi wa ma'aunin aiki.

A shekarar 1975 ɗin nan ce kuma Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani katafaren aikin manhaja a kamfanin IBM, ya bayyana cewa ƙara ma'aikata a aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi. Sababbi sai an koya musu, kuma hanyoyin tuntuɓa suna yawaita. Tsakanin mutum 5 akwai hanyoyi 10, tsakanin mutum 10 kuwa 45 ne. Duk wanda ya taɓa zaman kwamitin biki ya san haka.

Kada a ce tsohon zance ne. A 2025 wata cibiyar bincike a Amurka mai suna METR ta gwada ƙwararrun masu rubuta manhaja 16 a kan ayyuka 246, wasu da taimakon ƙirƙirarriyar basira, wasu ba tare da ita ba. Bayan sun gama, suka ce a ganinsu ta ƙara musu sauri da kusan kashi 20 cikin ɗari. Agogo kuwa ya nuna sun ƙara ɗaukar lokaci da kashi 19. Ƙaramin gwaji ne, bai isa a yanke wa fasahar hukunci ba. Amma ku duba, ƙwararru ne, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ido ne ya yaudare su.

To, mene ne mafita? A 1976 Farfesa Victor Basili na Jami'ar Maryland da hukumar NASA suka fara tattara bayanan ayyukan manhaja na gaske suna nazarinsu. Daga nan aka samo wata hanya mai hawa uku: ka fara faɗin burinka, ka fitar da tambayoyin da za su nuna ko ka cim masa, sannan ka zaɓi abin da za ka ƙirga. Ni da ƙirge na fara, shi ya sa na ɓata.

Iyayena, ga inda zancen ya shafe mu. Guminmu muke turawa gida don cibiyar koyon kwamfuta da ƙungiyar nan ta buɗe wa yaranmu. Rahoton da ke zuwa mana yana faɗin kwamfutoci nawa aka saya, da takardun shaida nawa aka raba. Ba na zargin kowa, abin da muka tambaya shi aka ba mu. Amma burinmu ba takarda ba ce, yaro ya samu abin dogaro da kai ne. Saboda haka tambayoyin su ne: cikin waɗanda suka fara, nawa suka kammala? Waɗanda suka daina, me ya hana su, kuɗin mota ne ko rashin wuta? Awa nawa ɗalibi ke zama gaban kwamfuta a kunne? Bayan wata shida, nawa ke samun ko da na sabulu da abin da suka koya?

Roƙona shi ne, kafin karo-karo na gaba, a rubuta burin cibiyar a shafi ɗaya, a buɗe littafin rajista, a kuma kira kowane ɗalibi wata shida bayan ya fita. Ni na ɗauki nauyin tsara tambayoyin da kuɗin kiran. Sharaɗi ɗaya ne: in amsar ta zo da ɗaci, kada mu huce a kan malaman da ke can. In muka yi haka, baɗi za su aiko mana da lissafi mai daɗin ji, mu koma gidan jiya.

Allah ya sa albarka a abin da muke tarawa, ya raya mana zuri'a.