Gidan Nabame da Kufan Surame



An ce in yi magana a kan gine-ginen tarihi, to ba zan kai ku nesa ba. Gini biyu zan ɗauka, dukansu na Kabawa.

Na farko Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, wanda yanzu yake cikin Jihar Sakkwato. Da dutse da jar ƙasa aka ɗaga ganuwarsa, abin da ba kasafai ake gani ba a ƙasar Hausa. A farkon ƙarni na 18 sarauta ta tashi daga nan ta koma Birnin Kabi. Tun 1964 gwamnati ta sa Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa, amma wanda ya je yau tsibin duwatsu zai tarar, itatuwa sun tsiro a tsakiyarsu. Takarda ba ta tare ruwan sama.

Na biyu Gidan Nabame da ke Argungu, wanda ake kira da sunan Sarkin Kabi Yakubu Nabame, da ya maido wa Kabawa mulkinsu a 1849. Nan ne fadar sarakunan Argungu har 1942, lokacin da aka koma sabuwar fada. Da an kulle ƙofa an tafi, da tuni ya bi sahun Surame. Sai aka gyara shi, aka buɗe shi a 1958 a matsayin gidan tarihi mai sunan Kanta. Akwai masu da takubba da baka da kwari da tambura a ciki, kuma kaburburan sarakuna suna nan.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne, ginin ƙasa ne ya tsaya, na dutse ya zube. Magina sun san dalili. Ana mulmula tubali a shanya, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a rufe da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba. Sannan a shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, rufin kuma a yi masa laso, a kafa indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Duk wannan yana neman mai yaɓe kafin kowace damina. Shafa siminti a kan ƙasa kuwa, a ganina, lalaci ne: danshi yana maƙalewa a ciki, bango ya ruɓe ba wanda ya sani.

Turawa ma haka suke yi wa nasu. Akwai wani tsohon gidan sarauta a Sikotilan, Eilean Donan, da aka rushe a 1719, ya zauna kufai kusan shekara 200, aka kammala sake gina shi a 1932. Su daga kango suka tayar da nasu. Mu kuwa namu suna tsaye muke sa musu diga.

Daga nan Jiga Birni zuwa Aliero, Jega da Maiyama, sorayen kakanninmu nawa aka ture aka jera bulo? Maginan da suka iya ɗaurin bakan gizo duk sun tsufa, 'ya'yansu sun koma kwaɓa siminti.

Don haka ina roƙon shugabannin ƙungiya su ware kuɗin mota a bana, a kai ɗaliban ajin ƙarshe Argungu, su wuni su dawo. A tafi da tsohon magini ɗaya daga garin nan, shi zai yi musu bayani, ba ni ba.