Yadda Ake Sa wa Manhajar Intanet Makulli

Jama'a, wannan jawabi na ma'aikatan da aka ɗora wa ginin manhajar intanet ne, watau irin wadda mutane ke shiga su biya haraji ko su duba sakamakon jarrabawa. In manhaja ba ta tambayar mai shigowa ko shi wane ne, kowa yana iya karanta abin da ke cikinta, har ya sauya shi.

Abu na farko, a ba kowane mutum sunan shiga da kalmar sirri. Dabarar ta daɗe, gama tun farkon shekarun 1960 Fernando Corbató ya yi amfani da ita a jami'ar MIT ta Amurka.

Babban abin lura kuwa shi ne ajiyar kalmomin. Kada a kuskura a ajiye su yadda masu su suka rubuta. A 2009 ɓarayi suka fasa rumbun kamfanin RockYou, suka iske kalmomin sirri wajen miliyan 32 a fili. Wadda ta fi yawa a cikinsu, abin takaici, ita ce 123456.

Abin da ya kamata shi ne a niƙa kalmar da wani lissafi, kamar bcrypt wanda ya fito a 1999. Garin kaɗai ake ajiyewa, gari kuwa ba ya komawa tsaba. In mutum ya zo shiga, sai a niƙa abin da ya rubuta a gwada da garin da ke ajiye, in sun zo daidai a buɗe masa. Ɓarawon da ya saci gari ba shi da dabara sai ya yi ta cankar kalmomi yana niƙawa yana gwadawa. Don haka aka yi bcrypt da nawa da gangan, domin cankar ta ci masa lokaci. Kafin niƙan kuma akan haɗa wa kowace kalma waɗansu haruffa nata na dabam, waɗanda masu sana'ar ke kira gishiri, yadda ko mutum biyu sun zaɓi kalma ɗaya garinsu zai bambanta. Kamfanin LinkedIn bai sa gishiri ba, shi ya sa da aka saci nasa a 2012 aka gano kalmomi masu yawa cikin 'yan kwanaki.

Wanda ya shiga, a ba na'urarsa 'yar shaida mai wa'adi, wadda za ta mutu da zarar ya fita. Lalle ne duk wannan ya bi ta HTTPS, don kada a tsinci kalmar a hanya. Wanda ya yi ta kuskuren kalma a jere kuwa, a dakatar da shi na ɗan lokaci.