Kalmar "Ascertain" Da Alƙawarin Da Ke Cikinta

 Yau kalma ɗaya tak na ɗauko mana, kalmar Turanci ce: ascertain. Na san wani zai ce ashe ajin Turanci muka koma. Ku ɗan yi haƙuri, akwai dalili.

Yawancinmu "asatin" muke cewa, amma ƙarfin muryar a gaɓar ƙarshe yake, wato asa-TEYN. In kun duba cikinta za ku ga certain, ma'ana tabbas, kuma ta tsohon Faransanci ta shigo Turanci. Abin da take nufi shi ne ka bi diddigin abu har ka san haƙiƙaninsa. Mu sai mu ce tantancewa, ko gano tabbacin magana.

Ba ɗaya take da find out ba, don wannan ko a teburin mai shayi kana iya jin labari ka ce ka gano. Confirm kuwa kana da labarin a hannu, gaskata shi kawai kake nema. Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce assert, saboda sun yi kama a kunne. To assert iƙirari ne, ka buga ƙirji ka ce abu kaza ne. Mai assert ya riga ya yanke hukunci, mai ascertain kuwa yanzu zai sa takalmi ya fita bincike.

Kuma ba kalmar hira ba ce. A takardar kotu za ka gan ta, da rahoton likita, da sanarwar 'yan sanda. Ana cewa ascertain the cause, a gano musabbabi, ko ascertain whether, a gano ko abu ya faru ko bai faru ba. In ka ce wa abokinka kana so ka yi ascertaining ko ya ci tuwo, dariya zai yi maka, kuma ya yi daidai.

To ga abin da ya sa na ɗauko ta. Duk lokacin da aka kai hari a wani ƙauye, ko jirgin ruwa ya kife, ku saurari sanarwar hukuma. Sau da yawa za ku ji yet to ascertain, wato har yanzu ba a tantance adadin ba. A ranar farko ba laifi ba ne, gara haka da a faɗi ƙarya. Amma fa wanda ya furta kalmar nan ya ci bashi, don cewa ya yi zai bincika ya dawo mana da amsa. Mu kuma sai mu manta mu bi bashin.

Ku tuna Kuriga, a ƙaramar hukumar Chikun ta jihar Kaduna. Ranar 7 ga Maris 2024 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makaranta. Adadin da ya zagaya duniya 287 ne. Bayan sama da mako biyu sojoji suka sanar an ceto 137 a Zamfara, gwamnatin jihar ta ce dama adadin ke nan. Tsakanin alƙaluman biyu akwai mutum 150. Ba ina cewa wane ya yi ƙarya ba ne. Ina cewa makaranta tana da rajista, kowane yaro yana da suna da gidansu. A ɗauki rajistar, a bi gida-gida, a ƙirga wanda ya dawo da wanda babu. Wannan shi ne ascertain, kuma da an yi shi a bainar jama'a tun kwanakin farko, da babu uwar da za ta kwana tana tunanin ko ɗanta na cikin lissafi.

Mu ma matasa ba mu tsira ba. Ni kaina na taɓa tura wani adadi a WhatsApp don kawai na gan shi a wurare uku, ashe duk daga mutum ɗaya suka kwafo. Assert na yi, ina zaton ascertain ne.

Don haka in jami'i ya sake cewa suna kan tantancewa, ku rubuta ranar. Ku tambaye shi wa aka ɗora wa aikin, da me zai ƙirga, kuma yaushe za a faɗa mana sakamako. Bayan mako guda ku koma ƙarƙashin sanarwar nan tasa ku sake tambaya, cikin ladabi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.