Yadda Ake Tantance Soson Teku a Duwatsun Murjani Masu Zurfi: Laccar da Aka Gabatar a N'Djamena

Soson teku dabba ce, ba tsiro ba. Ba shi da baki, ba shi da hanji. Yana manne da dutse, ruwa na shiga ta ƙananan ƙofofin jikinsa yana fita ta babbar kafa, shi kuwa yana tace abincinsa daga ciki. Masanin nan Robert Grant ne ya raɗa wa rukunin suna Porifera a 1836, kuma nau'o'in da aka tantance zuwa yau sun haura 9,000.

Duwatsun murjani masu zurfi su ne waɗanda ke tsakanin mita 30 zuwa 150 a ƙarƙashin teku. Hasken rana kaɗan ne ke isa can, don haka murjani mai son haske yakan ragu, soso ya samu fili. Akwai irin wannan zurfi a Bahar Maliya, daura da Port Sudan, gaɓar da alhazan ƙafa na ƙasar Hausa suka riƙa nufa bayan sun ratsa Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau.

Wahalar aikin ita ce siffa ba ta isa shaida ba. Nau'i ɗaya yakan shimfiɗu inda igiyar ruwa ke da ƙarfi, ya yi rassa inda ruwa ke kwance. Jan launi kuma yana ɓacewa a zurfi, sai an haska fitila ake ganin sa. Kama da wane ba ta wane.

Matakin farko shi ne ɗaukar hoton soson a mazauninsa, a rubuta zurfi da launi da taushi ko taurin jikinsa. Mai ninƙaya da tulun iska na yau da kullum ba ya wuce mita 40, saboda haka akan tura na'ura mai kyamara da hannu, ana sarrafa ta daga jirgi. Guntun da ta yanko sai a adana shi cikin etanol.

Mataki na biyu shi ne ƙashin bayan aikin. Jikin yawancin soso cike yake da 'yan mitsi-mitsin ƙayoyi. Akan jiƙa guntun a ruwan javel har naman ya narke, a ɗauraye ƙayoyin, a auna su ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wasu kamar allura suke, wasu masu kai huɗu, wasu tauraro. Akan kuma yanka siririn ɓangare don a ga yadda suka jeru. Ƙayoyin alli alamar ajin Calcarea ce. Na silika masu kai shida na Hexactinellida ne, wato soson gilashi. Demospongiae, ajin da ya ƙunshi kusan kashi 80 cikin ɗari, yana da silika ko zaren sifonjin ko duka biyun. Aji na huɗu, Homoscleromorpha, ƙarami ne.

Mataki na uku shi ne gwajin DNA, musamman sassan COI da 28S. Shi ya nuna cewa babban soso mai kama da ganga, Xestospongia, ya ƙunshi nau'o'i fiye da yadda aka zata. Daga nan sai a gwada sakamakon da littafin Systema Porifera na 2002.

Amfanin wannan ƙwaƙƙwafi babba ne. Maganin sankarar mama eribulin, wanda Amurka ta amince da shi a 2010, tushensa soson Halichondria okadai ne na Japan. In an kuskure suna, an kuskure sinadarin.

Rashin teku bai fitar da Chadi daga wannan fage ba. Akwai soson ruwan daɗi a kogunan Afirka da tafkunanta, yana manne da duwatsu da saiwoyi, kuma da ƙayoyinsa da 'yan ƙwayoyin da yake tsallake rani da su ake tantance shi. Ɗalibin da ya binciki gaɓar Shari da Logon da Tafkin Chadi da madubi da ruwan javel, hanya ɗaya yake bi da masu aikin Bahar Maliya.