Jawabi a Ƙofar Gidan Mai Unguwa, Azumin 2020

Ranka ya daɗe mai unguwa, Allah gafarta Malam, iyayena mata, sannunku da ibada. Don Allah a ɗan ba juna tazara.

Tun da aka kulle Kano saboda korona ranar 16 ga Afrilu, damatsan yaran unguwar nan sai sirancewa suke yi. Ga tef ɗin awon nan: in damtsen yaro bai kai santimita 11.5 ba, ja yake nunawa, tamowa ke nan. Jan ya yi yawa. Kuma duk gidan da na shiga amsa ɗaya ce: "Malama, ana ta kai wa yake ta kaya? A dai samu abin riƙe ciki."

Na san babu. Mai adaidaita ya ajiye, ɗan dako yana zaune, mai tallan ƙosai ba ta da mai saye. Amma in na ce a ba yara abinci mai gina jiki, wa ya ce muku nama da madarar gwangwani nake nufi? Yaro ya ci taliya da mai da yaji da safe, ya sha garin kwaki da rana, ya koma taliya da dare. Cikin ya cika, jikin bai samu komai ba. Ku da kuke azumi kuna iya jurewa, ɗan shekara biyu ba zai iya ba.

Na shiga wani gida can bayan masallaci, na tarar da tukunya tana tafasa, citta da tafarnuwa da lemon tsami, wai maganin korona. Maigidan ya kashe musu kuɗi mai yawa. Ga yarinya a tabarma ƙafafu sun kumbura, uwar tana cewa ƙiba ce. Ba ƙiba ba ce, kwamaso ne! Kuɗin lemon nan da ya sayi wake. Citta ba laifi, amma ba ta kashe korona. Ga bishiyar zogale a tsakar gidan, awaki kaɗai ke ci.

Kada a sake ce mini sai mai kuɗi. Ƙuli-ƙuli na mai kuɗi ne? Daka shi, zuba a koko. A jefa tafin wake cikin shinkafa. Awara, rama, kunun gyaɗa, daddawa a miyar kuka, da su iyayenmu suka raine mu.

Mai shayarwa, ko kina tari ki ci gaba da ba jaririnki nono, ki rufe hanci da baki, ki wanke hannu. Yaron da ya kumbura a kawo shi asibiti, ba wanda zai killace shi don tamowa.

Maza, Litinin da Alhamis ake buɗe gari. Na roƙe ku don Allah, kafin ku biya kuɗin taliya, ku fara awon wake da gyaɗa, ko da gwangwani ɗaya ne.